Kiwon kifin Oska a tankin gilashi: tambayoyi da amsoshi

Oska yana cikin kifayen ado da aka fi saya bisa rashin sani. A shago bai wuce tsawon yatsa ba, ga manyan idanu, ga shi yana bin duk wanda ya matso kusa da gilashi yana rawar jiki, nan da nan ya shiga ran mutum. Abin da ba kasafai ake gaya wa mai saye ba shi ne wannan ɗan kifin zai kai tsawon ƙafa guda, cinsa ya fi ƙarfin misali, kashinsa kuma daidai cinsa, sannan zai iya shekara goma ko fiye a gidanka. Ga tambayoyin da masu sha'awarsa suka fi yi. Za ka ga amsoshi da yawa suna komawa kan girman tanki da tsabtar ruwa, domin a nan yawancin matsalolinsa suke farawa.

Wane irin kifi ne Oska, kuma daga ina ya fito?

Daga dangin kifayen da ake kira sikilid yake, wato danginsu ɗaya da karfasar da muka sani, sai dai shi ɗan Kudancin Amurka ne. Asalinsa kogin Amazon da rassansa, a ƙasashe irin su Brazil da Peru da Kolombiya, inda yake son ruwa mai tafiya a hankali, yana laɓewa ƙarƙashin rassan itatuwan da suka faɗa ruwa. Sunansa na kimiyya Astronotus ocellatus, kuma masanin halittu Louis Agassiz ne ya fara bayaninsa a 1831. A Brazil kifin ci ne, ana sayar da shi a kasuwa da sunan apaiari.

Na daji baƙi-baƙi ne da ɗigon ruwan lemo, da wani baƙin tabo mai jan zobe a gindin wutsiya wanda ya yi kama da ido. Masana suna ganin wannan tabon yana rikita kifayen da ke yagar wutsiyar 'yan'uwansu, irin su firana. Na shago kuwa yawancinsu a gonakin kifi aka ƙyanƙyashe su, shi ya sa ake samun mai zanen damisa, da ja, da zabiya, da mai doguwar wutsiya. Kamanni ne kawai suka bambanta, hali da buƙata duk ɗaya ne.

Yaya girmansa zai kai, kuma cikin wane lokaci?

A tanki yakan kai santimita 30 zuwa 35. An taɓa samun mai santimita 45 da nauyin da ya haura kilo ɗaya da rabi, amma ba kowanne ke kaiwa nan ba. Saurin girman ne ke ba mutane mamaki: a shekararsa ta farko, in yana samun abinci da ruwa mai kyau, yakan ƙara kusan santimita biyu da rabi duk wata. Shekara 10 zuwa 15 yake yi a hannun mai kula.

Ina da ƙaramin tanki. Ba zan iya farawa da shi ba, in ya so daga baya in canza?

Shawarata ita ce kada ka sayi kifin sai babban tankin yana ƙasa. "Daga baya" ɗin nan ita ta kashe Oska da yawa, saboda kifin ba ya jiran aljihunka ya yi nauyi. Cikin wata biyar ko shida ya cika ƙaramin tankin, kuɗin babba kuma bai taru ba.

Oska guda ɗaya yana buƙatar lita 280 a ƙalla. Tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 45, zurfi 55 yana cin kusan lita 300, wato jarka 12 mai lita 25. In biyu kake so, ka nemi lita 450 zuwa sama, mai tsawon santimita 150 ko 180. Ka fi damuwa da tsawo da faɗi a kan zurfi, domin kifin da ya kai santimita 33 a tanki mai faɗin 30 ko juyawa ba zai yi cikin sauƙi ba.

Akwai maganar da ake yawan yi cewa kifi daidai tankinsa yake girma, don haka in an bar shi a ƙarami zai tsaya ƙarami. Tsayawar gaskiya ce, amma ba lafiya ba ce. Dattin da ya taru a ɗan ruwan da takurar da yake ciki su ne ke tsumburar da shi, ka gan shi da manyan idanu da lanƙwasasshen baya, ya mutu tun bai kai rabin shekarunsa ba.

In mai gilashi za ka ba aikin, kada kaurin gilashin ya gaza milimita 10, a sa masa maƙalai a sama don kada ya buɗe, a kuma liƙa shi da silikon ɗin da aka yi don tankin kifi. Wanda ake liƙa banɗaki da shi sau da yawa yana da maganin hana fumfuna, kuma guba ne ga kifi. Sai wurin ajiya: kowace lita kilo ɗaya ce, idan ka haɗa da gilashi da yashi nauyin ya kai na buhun siminti bakwai ko takwas. Teburin falo ba zai ɗauka ba. A yi masa mazauni na ƙarfe ko katako mai ƙwari, a daidaita shi sosai, a shimfiɗa soso a ƙarƙashin gilashin, nesa da tagar da rana ke shigowa. Murfi kuma dole ne, mai nauyi, domin Oska yana tsalle kuma yana iya ture marar nauyi.

Na cika tanki yau. Zan iya sa kifin gobe?

A'a, kuma wannan ce gaɓar da sababbin masu kiwo suka fi yin asara. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya ta wurin numfashinsa da kashinsa, ragowar abinci ma in ya ruɓe ita yake zama. Amoniya guba ce ko da kaɗan ce. Abin da ke kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zama a jikin soson filta, wato injin da ke tace ruwan tanki. Kashi na farko suna mayar da ita wani sinadari da ake rubutawa NO2, shi ma guba ne, kashi na biyu kuma su mayar da shi NO3, wanda kifi ke iya jure wa matsakaicinsa har ka zo ka rage shi da canjin ruwa. A sabon tanki babu waɗannan ƙwayoyin, kuma sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yi yawan da ake buƙata.

Saboda haka ka kunna filta ba kifi, kana jefa ɗan abinci kaɗan yana ruɓewa don ƙwayoyin su sami abin ci, kana awo da kayan gwajin ruwa. Ran da amoniya da NO2 suka koma sifili, NO3 kuma ya fara bayyana, tanki ya nuna. In kana da aboki mai tsohon tanki mai lafiya, ka roƙi ɗan guntun soson filtarsa da dattinsa ka sa a taka, zai rage maka jira sosai.

Ruwana garau yake. Me ya sa zan riƙa canza shi?

Ido ba ya ganin amoniya ko NO3. Ruwa zai iya zama garau alhali kifin yana shan wuya a ciki. Oska mai ɓarnar abinci ne: ka lura in ya cafki ƙwaya, zai tauna ta a maƙogwaro, sai ka ga gari yana fesowa ta gefen kansa yana watsuwa a ruwa. Duk wannan garin ƙasa zai sauka ya ruɓe.

Duk mako ka zuƙe kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na ruwan da tiyo, kana bin ƙasan tankin da bakin tiyon don ya kwashe kashin da ya kwanta. A tanki mai lita 300 jarka huɗu zuwa shida ke nan. Burinka NO3 kada ya wuce 40 a ma'aunin gwaji, in ya tsaya ƙasa da 20 ya fi. Ruwan da ka zuƙe kuwa kada ka zubar a kwata, shuke-shuken gida suna sonsa.

Filta ta zama babba, wadda za ta juya ruwan tankin gaba ɗaya sau biyar ko fiye a awa guda. Idan soson ya toshe, ka matse shi a cikin bokitin ruwan da ka ɗebo daga tankin. Kada ka wanke shi a bakin famfo, kada sabulu ya taɓa shi, kada kuma ka canza soso duka a rana ɗaya, in ba haka ba ka koma farko. Kafin ka rage ruwa ka cire filogin hita, wato abin ɗumama ruwan tanki, don in ta fito fili tana da zafi fashewa take yi. Mai ciwo a hannu ya sa safar roba, kowa kuma ya wanke hannu bayan ya gama.

Wane ruwa zan zuba: na famfo, na rijiya ko na burtsatse?

Duk suna yi in an bi da su yadda ya kamata, domin Oska ba mai tsirfa ba ne, yana zama lafiya a ruwan da ma'aunin pH ɗinsa, wato ma'aunin tsamin ruwa, ke tsakanin 6 da 8. Na famfo yakan zo da kilorin, wanda ke ƙona wurin numfashin kifi ya kuma kashe ƙwayoyin filta, don haka a ɗiga masa maganin cire kilorin da ake sayarwa a shagon kifi. Na burtsatse ba shi da isasshiyar iska lokacin da ya fito, a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen mazubi. Na rijiya a gwada shi tukuna, musamman in tana kusa da masai ko gonar da ake zuba taki, don yana iya zuwa da NO3 ɗinsa tun daga tushe. Ko wanne ne, zafinsa ya yi kusa da na tankin kafin a zuba, kuma jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kalanzir ko maganin ƙwari ba ta shiga wannan aiki har abada.

Yaya zan yi da ɗauke wuta, da zafin bazara, da sanyin hunturu?

Oska yana son ruwa mai zafin digiri 24 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. In ya sauka ƙasa da 20 sai ya yi lakwas, ya daina ci, cuta ta samu ƙofa, kusa da 13 kuwa mutuwa ce. A garuruwan da hunturu ke tsanani ana buƙatar hita mai kimanin wat 300 ga tanki mai lita 300, a sa mata kariya ko a ɓoye ta inda ba zai kai mata duka ba, don yana fasa ta. Daren da babu wuta a lulluɓe tankin da bargo. A nan ma babban tanki ya fi, saboda ruwa mai yawa ba ya saurin hucewa.

Bazara kuma matsalarta iska. Ruwa in ya ɗau zafi iskar da ke cikinsa raguwa take yi, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatarta. In ma'auni ya haura 30, ka sa murfin raga a madadin na gilashi, ka juya fanka tana kaɗa saman ruwan, ka rage abinci. Za ka iya sa gorar ruwa mai ƙanƙara ta yi yawo a sama, amma a sauke zafin a hankali.

Wanda ke zaune inda wuta ba ta tsayawa, ya sayi ɗan injin iska mai batir, wanda ke hura iska cikin ruwan, tun kafin ya sayi kifin. In da hali, a ɗora filta a kan sola ko inbata, ba ta cin wuta sosai. In babu ko ɗaya, ka riƙa ɗibar ruwan da kofi kana kwararo shi daga sama lokaci-lokaci, kuma kada ka ba shi abinci har wuta ta dawo. Filtar da take a rufe ruf, in ta yi awoyi da yawa a kashe, ruwan cikinta lalacewa yake yi. Ka buɗe ka zubar da shi kafin ka sake kunnawa, kada ta tura shi cikin tanki.

Me zan ba shi ya ci? Gaskiya ne sai da ƙananan kifaye masu rai?

Ba gaskiya ba ne. A daji yawancin abincinsa ƙwari ne da tsutsotsi da ƙananan halittun ruwa masu ɓawo, da kifi in ya samu, har da 'ya'yan itacen da suka faɗo. A gida, ginshiƙin abincinsa ya zama ƙwayoyin abincin da aka yi don manyan sikilid. Ka ƙara masa da tana, da gyare, da fara, da jatanlande, sau biyu ko uku a mako. Fara da gyare su kasance daga inda ba a yi feshi ba, kuma ban da soyayyiyar fara mai gishiri da yaji. Oska yana cikin kifayen da jikinsu ke matuƙar buƙatar bitamin C daga abinci, shi kuwa wannan bitamin yana lalacewa in abinci ya daɗe a buɗe cikin zafi, don haka ka sayi ɗan daidai, ka rufe shi da kyau.

Kifaye masu rai da ake jefa masa hanya ce ta shigo da cuta, wasunsu kuma, kamar kifin zinariya, suna da sinadarin da ke lalata bitamin B1 a jikin wanda ya ci su. Naman sa da na kaza kitsensu bai dace da cikinsa ba.

Ƙarami a ba shi sau biyu ko uku a rana, babba sau ɗaya, abin da zai cinye cikin minti biyu, a kuma bar shi rana ɗaya a mako ba ci. Zai yi ta roƙo a jikin gilashi kamar bai taɓa cin komai ba. Kada ka biye masa, kuma ka ja kunnen yaran gida, domin kowa ya wuce ya jefa masa, kafin yamma ruwa ya ɓaci.

Zan iya haɗa shi da wasu kifaye?

Doka ta farko: duk abin da zai shiga bakinsa abinci ne, ko da sun shekara tare. Doka ta biyu: Oska yana ɗaukar wani yanki a matsayin nasa, kuma a tanki mai lita 300 yankin nan shi ne tankin duka. Saboda haka a wannan girman ni na fi son a bar shi shi kaɗai. Ba ya kaɗaici yadda mutane ke zato.

A tanki mai lita 450 zuwa sama ana iya gwada abokan zama masu girma waɗanda ba su da neman rigima, irin su garken kifin silba dala, ko seberum, ko babban fileko mai cin gansakuka, ko babban kurungu. A kula da ƙananan fileko da kurungu: suna da ƙayoyi masu tauri da suke miƙewa, in ya yi ƙoƙarin haɗiye su sai su maƙale masa a wuya, a rasa duka biyun. Duk sabon kifi a ware shi a wani mazubi na mako uku ko huɗu kafin a haɗa, balle wanda aka kamo daga kogi. Akwai kuma sikilid da suka fi shi mugunta, kamar jaguwa da fulawahon, waɗanda shi ne zai sha wuya a hannunsu.

Oska biyu nake da su, ɗaya ya hana ɗaya sakat. Me zan yi?

Ka fara rarrabe barazana da cin zali. Buɗe baki, da bunƙasa murfin wurin numfashi, da kaɗa wa juna wutsiya, har da kama leɓen juna ana ja, duk gwada ƙarfi ne, kuma ma'aurata ma suna yi kafin su yi ƙwai. In abin ya tsaya nan, ka sa ido kawai. Amma in ka ga ɗaya ya maƙale a lungun sama bayan filta, launinsa ya kwashe, wutsiya a yage, ba ya fitowa cin abinci, to an gama faɗa, saura kisa. Ka raba su a ranar, ko da ragar roba mai ƙwari a tsakiyar tankin.

Sauya wa duwatsu da itace wuri yakan rage rigima na ɗan lokaci, haka ma sa babban itace a tsakiya don kada su riƙa ganin juna kullum. Waɗannan dabaru ne na rage zafi. In wuri ya yi kaɗan, ko jininsu bai haɗu ba, maganin shi ne tanki na biyu ko sabon gida ga ɗayansu. Uku kuwa ya fi biyu muni, don biyu sukan haɗe wa ɗaya kai.

Me ya sa yake tone yashi yana tumɓuke shuke-shuke?

Halinsa ne, ba ya bari. Ka ba shi yashi mai laushi, da manyan duwatsu masu santsi waɗanda aka zaunar a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada ya tone ƙarƙashinsu su rufto. Abu mai kaifi kada ya shiga.

Na same shi kwance a gefe ɗaya a ƙasan tanki. Mutuwa zai yi?

Sau da yawa fushi ne. Oska yakan yi haka bayan an kawo shi sabon wuri, ko an yi babban canjin ruwa, ko an taɓa masa kayan tanki: ya kwanta, launi ya dushe, ya ƙi abinci kwana ɗaya ko biyu, sannan ya ware. Amma kada ka yanke hukuncin fushi sai ka gwada ruwa ka duba ma'aunin zafi. In numfashinsa na sauri ne, ko cikinsa ya kumbura, ko ya wuce kwana uku a haka, to ba fushi ba ne.

Wannan halin nasa ne ma ke sa mutane shaƙuwa da shi. Yana gane mai ba shi abinci, ya taso da gudu in ya hango shi, ya noƙe in baƙo ne. Wasu har a hannu suke karɓa. Yakan kai cafka, ba ta yin rauni sosai, amma a hana ƙananan yara tsoma yatsa.

Wasu ƙananan ramuka sun fito masa a ka. Mene ne wannan?

Ciwon ramin kai ke nan, kuma shi ne ciwon da aka fi sanin Oska da shi. Yana farawa da 'yan ƙofofi kamar an soka allura a saman ido da goshi, su yi ta faɗi suna zurfi, wani lokaci da farin kashi mai kama da zare da ƙin cin abinci. Ana danganta shi da ruwan da NO3 ya yi wa yawa na tsawon lokaci, da abinci marar bitamin, da wata ƙwayar cuta ta hanji mai suna Hexamita. In an gani da wuri, yawaita canjin ruwa da gyara abinci kan tsayar da shi, ramukan su cike a hankali, ko da tabo zai rage. In ya yi nisa ana amfani da maganin metronidazole, amma a nemi likitan dabbobi ya faɗi adadin, kada a yi kirdado.

Ɗaya ciwon da ake yawan gani shi ne fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri a jiki, kifin yana goga jikinsa da dutse. Yakan biyo bayan sanyi ko shigowar sabon kifi. Akwai maganinsa a shagon kifi, kuma a ci gaba da sawa har kwanakin da aka rubuta su cika ko da ɗigon sun ɓace, don ƙwayar tana da matakin da magani ba ya kama ta. Kifin da aka taɓa yi wa irin waɗannan magunguna ba na ci ba ne.

Yaya ake gane mace da namiji? Za su hayayyafa a tanki?

Da ido ba a ganewa, duk wanda ya nuna maka ƙanana a shago ya ce ga mace ga namiji, zato yake yi. Sai lokacin ƙwai bambancin ke fitowa, inda wani ɗan bututun haihuwa ke fitowa a ƙasan cikinsu: na mace gajere mai kauri, na namiji siriri mai tsini. Masu son hayayyafa sukan tara ƙanana shida su girma tare har biyu su zaɓi juna, sannan a nemar wa sauran gida. Sukan balaga bayan kamar shekara guda. Ma'auratan za su share shimfiɗaɗɗen dutse tas da bakinsu, macen ta jera ƙwai 1,000 zuwa 3,000, su biyun su tsaya gadi suna yi wa ƙwan fifita, a ƙyanƙyashe cikin kamar kwana uku. A wannan lokacin ko hannunka ba su yarda da shi ba, balle wani kifi. Sababbin ma'aurata sukan cinye ƙwan farko da na biyu, ba abin damuwa ba ne. Abin tunani tun kafin a fara shi ne inda za ka kai ɗaruruwan 'ya'yan da kowannensu zai buƙaci lita 280.

Zan yi tafiyar mako guda. Wa zai ba shi abinci?

Babban Oska mai lafiya yana yin mako ba ci ba tare da wata illa ba. Ka canza ruwa kafin ka tafi. Wanda za ka bar wa amana, aikinsa duba filta da kunna injin iska in an ɗauke wuta. In tafiyar ta fi haka, ka ƙulla abincin kowace rana daban, ka ɓoye sauran.

Ya fi ƙarfina. Zan iya sake shi a kogi ko dam?

Kada ka yi. A jihar Florida ta Amurka, Oska da suka fita daga hannun masu kiwo tun ƙarshen shekarun 1950 sun cika magudanan ruwa na kudancin jihar har cikin fadamar Everglades, an kuma same su sun kafu a arewacin Queensland ta Ostareliya. Ruwanmu mai ɗumi ne, zai iya rayuwa ya hayayyafa, ya ci 'ya'yan kifayen da masunta suka dogara da su, ko ya kai musu cutar da ba su sani ba.

Ka tambayi shagon da ka saya ko za su karɓa, ko ka nemi mai babban tanki cikin masu wannan sha'awa, ka je ka ga tankin da idonka kafin ka miƙa. Ranar kai shi, ka hana shi abinci tun jiya don kada ya ɓata ruwan hanya, ka sa shi a babban bokiti mai murfi da ruwan tankinsa, da injin iska mai batir in tafiyar da nisa. Ka haɗa wa sabon mai shi da rabin soson filtarka a jiƙe cikin leda, ka kuma gaya masa irin abincin da ya saba da shi da duk ciwon da ya taɓa yi.